Skeletor na 1982: jikin na asali ne, amma an cuce shi a ƙafafu

Dillalin da na saya a wurinsa a intanet ya tallata shi a matsayin cikakke, wanda ba a taɓa yi wa gyara ba, kuma kuɗin cikakke na biya. Da buɗe kwalin, gaskiya raina ya yi fari. Ɗan mutum-mutumin roba ne na wasan yara, na Skeletor, mugun abokin gabar jarumi He-Man, na farko da kamfanin Mattel ya fitar a 1982, tun kafin katun ɗin He-Man ya fara fitowa a talabijin a 1983. Tsawonsa inci biyar da rabi, hatimin da ke ƙasan bayansa na ɗauke da 1981 da Taiwan, kansa mai laushi ne wanda yake lotsawa in an matsa. Fentin fuskar, rawaya da kore, bai goge ba ko a haƙora. Sifirin ɗin ƙugu ma lafiyarsa lau, in ka murɗa shi ka saki sai ya kai naushi.

Matsalar tana ƙafafu. Duk mai tara waɗannan ya san ƙafafun ba a jikin ƙugu suke ba. Wata 'yar roba baƙa ce take ratsa cikin ƙugun, kowane bakinta ya shige cikin cinya ɗaya, ita ke riƙe su tana ba su damar motsi. Robar da ta haura shekara 40 dole ta saki ko ta bushe ta tsinke, wannan tsufa ne, ba laifin kowa ba. Da ya ce min ta tsinke, da ko a jikina. Abin da ya yi shi ne ya ɗura supa gulu a ramukan biyu ya manne cinyoyin da ƙugu, don kawai ya tsaya cak a hoto. Ƙafar hagu ta kafe a karkace, ga farin hazo da gam ɗin ya bari ya zagaye ramin ya hau kan shuɗin cinyar, kamar an barbaɗa gari. A hotunansa ɗamarar da Skeletor ke sanye da ita a ƙugu ta rufe wurin gaba ɗaya.

Abin haushin, gyaran asali ba wuya gare shi ba. Ana sayar da sabuwar robar da aka yi daidai girman tsohuwar. A tsoma ƙafafun cikin ruwan zafi kamar minti ɗaya su yi laushi, a zaro guntun tsohuwar da ƙaramar filaya, a cusa bakin sabuwar a cinya ɗaya, a zura ta cikin ƙugu, a ja ta da filaya a cusa ɗaya bakin tun robar cinyar ba ta huce ba. Shi ke nan. Amma da gam a ciki aikin ya koma na kankarewa. Ruwan goge farce zai narkar da gam ɗin, sai dai yana cin robar ƙugun, wadda ta fi ta ƙafafu tauri, ya bar ta da tabo, ya kuma ɗebe fentin takalmi in ya taɓa. Sai dai ruwan ɗumi da tsinken sakace da haƙuri. Haka na raba su, amma bakin ramin hagu ya ɗan ɓantare, kuma wannan ba ya dawowa.

Bayan an sa sabuwar roba ya tsaya da kansa, har na fara cewa to, ba a yi asara ba. Sulken ƙirji na asali ne, igiyoyinsa ba su tsage ba, alhali nan ne suka fi yagewa. Rabin takobin nan mai launin shunayya, wanda ake haɗawa da rabin na He-Man ya zama ɗaya, shi ma na gaske ne.

Sai na ɗauki sandarsa mai kan rago na duba ta a haske. Jabu ce. Kalarta ta fi ta takobin duhu, akwai ƙananan ramukan iska a lanƙwasar ƙahon, alamar zuba ta aka yi a gida daga kwafin wata, kuma zanen ƙahon ya dushe, ba shi da kaifi irin na masana'anta. Ga tauri, in ka ɗan lanƙwasa ta sai ka ji tana neman karyewa. A wajen masu tara mutum-mutumin mugayen 'yan katun, ko Mumm-Ra ne na kamfanin LJN ko Shredder na kamfanin Playmates, makamai su ne rabin kuɗin, domin su yara suka fara zubarwa. Mutumin da ya san ya rufe gam da ɗamara, ba zan yarda bai san sandarsa ba.

Na tura masa hotunan ramin da na ƙahon. Ya ce haka ya same shi, ya mayar da ɗan abin da ko kuɗin sanda ta asali bai kai ba. Wanda zai sayi irin wannan ya sa a cire ɗamara a ɗauko masa hoton cinyoyin a buɗe, da hoton kan sandar daga kusa. Tauraro biyu na ba shi, su ma albarkacin kan da sulken ne.