Kayan yanka dankali da kayan miya: waɗanda suka yi mini aiki a kicin

Gidanmu gidan cin dankali ne, ga yara ga baƙi, musamman da azumi. Duk wadda ta taɓa zama gaban kwanon dankali da la'asar sakaliya, tana fere tana duban agogo, ta san abin da ke sa mace neman abin da zai rage mata aiki. Shi ya sa na tara ƙananan kayan yankan nan da suka cika shagunan kayan kicin na Sabon Gari da hannun masu talla a WhatsApp, kuma na daɗe ina aiki da su.

Wanda aka fi tambayata a kai shi ne abin matse dankali ya fito dogo-dogo don suya. Wuƙaƙe ne a giggicciye, da hannu da ake dannawa ya tura dankalin ta cikinsu. A kan dankalin Turawa ba ni da abin cewa sai yabo. Na Jos da muke saye a 'Yankaba, wanda ake nomawa a wajejen Bokkos da Mangu, yawancinsa matsakaici ne, yana shiga bakin abin ba sai an raba ba. Saurin ma ba shi ne ya fi burge ni ba. Kaurin ne yake fitowa ɗaya, kusan santimita 1 kowane sili, don haka a cikin mai tare suke nuna, ba wani ya ƙone wani yana ɗanye ba. Idan kika jiƙa shi a ruwa ya saki sitacinsa, kika tsane shi sosai kafin ki zuba a mai, za ki ga bambanci. Sai dai a datse gindin dankalin ya zauna daidai kafin a danna, kuma robar da ke manne abin da teburi tana kamawa ne a kan tayil ko wuri mai santsi kawai. A kan siminti zamewa yake yi.

Dankalin Hausa kuwa ya fi ƙarfinsa. Yana da tauri, kina dannawa za ki ji hannun robar yana lanƙwasa, wuƙaƙen suna neman gocewa. Doya ma haka. Mai sayarwa zai ce miki komai yana yankawa, amma idan jikin abin roba ne, a bar shi ga dankalin Turawa da kokumba.

Akwai kuma akwatin nan mai wuƙaƙe da yawa da ake canzawa. Yawan wuƙaƙen shi ne abin tallarsa, ni kuwa biyu kawai nake ɗauka: mai yanka fale-fale da mai goga. Kabeji yana fitowa siriri lafiya lau don salak, karas ma haka, albasa kuma zobe-zobe. Tumatir da ya nuna sosai dagargaza shi yake yi. Roƙona ga duk wadda ta saya, don Allah kar ki ajiye mariƙin da ake soke kayan da shi. Wuƙar tana kwance ne, hannu yana tafiya da sauri, ba a ankara sai yatsa ya iso bakinta. Ba na barin yara su taɓa shi ko da ina tsaye. Wankinsa ma aiki ne, sai an sa tsohon buroshin haƙori an bi lungu-lungu, in ba haka ba ragowar abinci ya maƙale ya yi tsami. Karas yana rina farar robar. Ɗan man gyaɗa a tsumma yana fitar da launin kafin a sa sabulu.

Wanda ya shiga raina shi ne ɗan kwanon nan mai murfi da igiya, wanda ake ja wuƙaƙen ciki su juya. Ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. Attaruhu, tattasai, albasa da tafarnuwa, ki raba su gida huɗu ki zuba, ja kaɗan sun zama jajjage. Blenda tana son ruwa, tana mai da kayan miya lukui, wannan kuwa yana barinsu da ɗan girma yadda ake so a dafa-duka ko miyar ƙwai, kuma ke ce da ikon inda za ki tsaya. Tun da murfin a rufe yake, yajin albasa ba ya isa ido, hannu kuma ba ya kwana yana raɗaɗin attaruhu. Surukata ta ce mini, “'Yar nan, ai bai kai turmi ba,” kuma gaskiyarta, domin taɓarya tana murƙushe kayan su fitar da ruwansu, wuƙa kuwa yanka kawai take yi. Amma ranar aiki, da sassafe ana shirin makaranta, shi nake ɗauka. Ɗanyar citta tana naɗe masa zare, cikinsa kuma kaɗan ne, ba na girkin biki ba ne. Murfin kada a tsoma shi a ruwa, goge shi ake yi, don igiyar tana ciki.

Mafi arha a cikinsu, ɗan abin fere dankali, kullum yana hannuna. Ɓawon kawai yake ɗauka, ba ya tafiya da tsokar dankalin yadda wuƙa take yi, kuma da tsadar kaya a yanzu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ganye kuwa, alayyafo ko yakuwa ko ugu, babu ɗayansu da ya iya. Har yanzu dunƙule shi nake yi a hannu in bi da wuƙa mai kaifi.

Da zan sake saye, mai igiya da abin fere zan fara ɗauka. Abin matse dankali sai in na samu mai jikin ƙarfe. Akwatin kuwa, in kika je shago ki ce a buɗe miki kwalin, ki taɓa kaurin robar, ki duba ko wuƙaƙen suna motsi a mazauninsu kafin ki biya.