Lauyan sojoji a Adabraka, ya san aiki amma sai da haƙuri

Jama'a wanda ɗan'uwansa ke sojan sama ya ji wannan. Ƙanina matuƙin jirgin sojan sama ne a Takoradi ta ƙasar Ghana, yana so ya ajiye kaki ya koma jirgin fasinja, shi ne muka je wajen wani lauya tsohon soja a Adabraka, wata unguwa a Accra. Wallahi mutumin ya iya, ya buɗe mana dokar soja ta 1962, Act 105, ya ce hafsa ba ya tashi ya tafi haka nan sai an sallame shi a rubuce, in ba haka ba kotun soja ce a Burma Camp, hedikwatar sojojin Ghana, ga batun shekarun da ya sa hannu lokacin tirenin. Matsalar dai jira, benci ɗaya ga fanka ta mutu, kuma kuɗinsa da zafi, ko sidi ɗaya bai rage ba.