Tallan fim a jaridar kullum: kwalliya na biyan kuɗin sabulu kuwa?

Furodusan da zai haska fim a Abuja, ko a Silverbird ta Jabi Lake Mall ko a Genesis ta Ceddi Plaza, har gobe zai iya zuwa sashen talla na Daily Trust a Utako ko na Leadership ya sayi fili. Ana sayar da cikakken shafi, rabi ko kwata, mai launi ko baƙi da fari, sannan a ɗora harajin VAT na kashi 7.5. Hidimar tana nan daram, 'yan fim ne suka ja jiki, kuma suna da hujja.

Babbar matsalar lokaci ce. Gidajen sinima kan sabunta jadawali ran Juma'a, wani sa'in su ɗage fim daga ƙarfe 7 na dare zuwa 4 na yamma idan ba ya ciniki. Ita kuwa jarida tana son aikin ya iso da wuri, kuma abin da aka buga ya bugu. Ko a Amurka, tun wajen 2009 manyan kamfanonin sinima irin su AMC da Regal suka fara rage buga jadawalinsu a jaridu, suka koma intanet.

Sai batun ɗab'i, inda aka fi yin asara. Fostar da aka tsara don waya tana zuwa da tsarin launi na RGB, injin buga jarida kuma tsarin launin tawada na CMYK yake ci. In ba a juya ba, ja ya koma ruwan ƙasa. Takardar jarida tana shan tawada, don haka fosta mai duhu kan fito dusu-dusu, fuskar jarumi ta ɓace. Ƙananan fararen haruffa a kan baƙi su ma sukan cushe idan ɗaya daga cikin farantan da injin ke buga launuka da su ya ɗan goce, kuma galibi a nan ake rubuta rana da wuri! Maganin shi ne a ƙara wa hoton haske, a aika shi PDF mai 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto), a rubuta rana da wurin da baƙi a kan fari.

Farashi ma bai taimaka ba. Daga waje ake shigo da takardar, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 komai ya tashi. Matasan da ke cika sinima kuwa a Instagram da TikTok suke ganin tirelar fim, wato gajeren bidiyon tallarsa.

Inda kwatan shafi ke da amfani shi ne bikin ƙaddamar da fim, lokacin da ake son manyan ofisoshi da masu ɗaukar nauyi su gani. Ga fim ɗin Hausa, Aminiya ta fi dacewa, tunda mako-mako take fita, tana daɗewa a hannu. A nemi shafin dama, a saka alamar shekarun kallo ta hukumar tace fina-finai ta ƙasa, NFVCB, kuma a ajiye kwafi biyu ko uku don nuna wa wanda ya biya kuɗin.