Meld: wata bakwai ina duba gyara da shi

Ni da wani ƙanen abokina muke haɗa wa wani mai shagon yadi a Taminus manhajar lissafin kaya. Ni ina Jos da Linux, shi yana Abuja da Windows, Git ne ya haɗa mu, wato manhajar da ke ajiye tarihin duk gyaran da kowannenmu ya yi. Fayil guda ne ke ɗauke da duk rubutun Hausar da ke fitowa a fuskar manhajar, kuma a kansa rigimar ta tashi.

Wani dare cikin sanyin Disamba ya turo gyara. Na buga git diff, umarnin da ke nuna abin da ya canza, sai ga fayil ɗin kaf ya koma ja da kore, alamar an goge an ƙara, layi sama da ɗari shida. Na kira shi na ce, "Kai, me ka yi wa fayil ɗin nan?" Ya ce, "Wallahi Yaya, layi huɗu kacal na taɓa." Ashe gaskiya ya faɗa. Windows alama biyu yake sawa a ƙarshen layi, Linux ɗaya, kuma ido ba ya ganinsu. Da ya adana, duk layukan suka canza wutsiya, Git kuwa ya ƙirga kowanne a matsayin sabo.

A daren na sauke Meld, manhajar kwatanta fayiloli gefe da gefe, kyauta ne, na ɗaura shi a kan git difftool don Git ya riƙa nuna min gyara ta cikinsa. Ya shimfiɗa tsohon fayil a hagu, sabo a dama, bai kula da zancen wutsiyar ba. Layuka huɗun suka fito da shuɗi. Abin da ya saye ni shi ne, a cikin layin ma yana ƙara turara shuɗin a kan ainihin harafin da ya canza. Nan na ga "baƙi" ya koma "baki", "ƙara kaya" ya koma "kara kaya". Allon madannan yaron ba shi da haruffa masu lanƙwasa, ya sake buga layukan da hannu. Da ban gani ba, da Alhaji mai shagon ya buɗe jerin launin shadda ya tarar da fari, ruwan toka da baki.

Tsakanin ɓangarorin akwai 'yan kibiyoyi. Ka danna, gyaran ya tsallaka ɗaya gefen. Ranar da muka taɓa layi ɗaya mu biyu Git ya ce mu sasanta, Meld ya buɗe gida uku: nawa, nasa, da na tsakiya inda ake haɗawa. Minti biyar na gama, abin da a da nake zama ina tsince shi cikin alamomin nan masu kama da ƙafar kaza da Git ke zubawa a fayil. Yana kuma kwatanta folda da folda, amma wannan sau biyu na taɓa nema.

Sai dai kada a ɗora masa abin da ba nasa ba. Rubutu yake kwatantawa, ba ma'ana ba. Idan ka ɗauke wani yanki daga saman fayil ka kai ƙasa, zai nuna maka an goge nan an ƙara can. Kuma sai da fuskar kwamfuta yake aiki, don haka idan na shiga sabar, wato wata kwamfuta da nake sarrafawa daga nesa da umarnin rubutu kawai, git diff --word-diff nake komawa.

Zancen wutsiyar layi kuma mun kashe shi da fayil ɗin .gitattributes, inda ake gaya wa Git yadda zai bi da ƙarshen layi. Yaron ma ya saka Meld a tasa kwamfutar, tunda akwai na Windows. Makon jiya shi ya kama ni na rubuta "kudi".