Gargaɗi ga masu kiwon macijin masara: shekara uku ina ciyar da ƙarya

Wallahi tun jiya nake rubutawa ina gogewa, don abin da kunya. Shekara bakwai ina kiwon macijin masara, ba yau na fara ba, na ƙyanƙyashe ƙwai ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, amma wai ni wani ya zauna ya yi wa wayo har sau biyu, mutum ɗaya. Ba zan faɗi sunansa yanzu ba sai na gama haɗa sikirinshot, duk suna nan, boyis ɗinsa, wato saƙonnin muryarsa, ma suna nan ban goge ko ɗaya ba.

Kuɗin da na tara na wata takwas na ba shi. Wata takwas. A kan jarirai biyu, mace da namiji, da in ka kalle su ba su da maraba da gama-garin macijin masara, ruwan lemo da dabbare ja mai baƙin baki, cikinsu fari da baƙi kamar ƙwayar masara. Ya ce duka biyun het ne na sikeles ɗari bisa ɗari. Ga wanda bai sani ba, sikeles shi ne wanda bayansa ba ɓawo, sumul kamar fata, sai a ciki kawai ake samun ɓawon, asalinsa daga Faransa ya fito da aka haɗa macijin masara da wani danginsa na Amurka. Het kuma yana nufin macijin na ɗauke da ƙwayar halittar a ɓoye, kwafi ɗaya, ba ya nunawa a jiki, sai uwa da uba duk sun bayar sannan ya fito a jikin ɗa. To ka ga inda matsalar take. Ba abin da za ka duba. Maganar mai sayarwa kawai ka saya, ninki shida na kuɗin gama-gari na biya a kan magana.

Kuma kar wani ya zo min da cewa ai ganganci na yi. Na tambayi hoton iyaye ya turo, uban sikeles ne sak, ja kamar an goge shi da mai. Na ce ya yi min bidiyon jariran ya yi. Abin da ya kwantar min da hankali, kuma shi ne ke hana ni barci yanzu, ranar da na ce ya turo su a satin nan sai ya ce a'a. Ya ce, Malam ka yi haƙuri, ba na sakin jariri sai ya yi saɓar farko ya ci ɓera sau uku da kansa, in na ba ka yanzu ya ƙi cin abinci ni za ka zaga. Na saurari boyis ɗin nan ya fi sau ashirin. Wane ɗan damfara ne za ka ce ga kuɗi ya ce ka jira? Ni a raina na ce wannan mutumin kirki ne, ya san sana'ar. Har gyara min ya yi a kan sanyaya su kafin barbara, ya ce in riƙe su wajen digiri 12 na wata biyu zuwa uku kuma kar in ba su abinci sati biyu kafin nan don cikinsu ya wanke, kuma gaskiya ne, haka ake yi. Ya san komai. Malam ka yi haƙuri, haka ya ce.

Na jira sati uku na tura kuɗin gaba ɗaya, ban ma ce rabi ba.

Sai kiwo. Macen ban haɗa ta ba sai da ta cika shekara uku ta wuce giram 300 kamar yadda masu kiwo ke yi don kar ƙwai ya maƙale mata. Shekara uku ina narkar da ƙanƙararren ɓera ina ba su duk sati, ina wanke akwati, ina auna ta a sikeli ina rubutawa a littafi. Shekara uku. Shi kuma lokaci lokaci ya turo saƙo, ya jariranmu? Jariranmu fa.

Na manta ban faɗa ba, hoton uban nan daga baya wani abokin kiwo ya gano shi a shafin wani mai kiwo a Amurka, an ɗora shi tun kafin a haifi nawa, har da tawul ɗin da macijin ke kwance a kai, gefen da ke da tambari kawai ya yanke. Amma wannan bayan komai ya lalace ne. Bari in koma.

Ta yi ƙwai 17, biyu baragurbi ne tun ranar farko, ƙanana rawaya, na zubar. Sha biyar na sa a inkubeta a digiri 28 cikin danshi, kwana 58 na farko ya tsaga. Duk wanda ya taɓa ganin wannan ya san yadda ake ji, ɗan hanci ya leƙo ta tsagar, kumfa a bakinsa, ya zauna a ciki kwana guda yana kallonka bai fito ba. Ni kuma na kwana da tocilan a hannu ina leƙa kowane kai ina neman wanda ba ɓawo. Lissafin ai a fili yake, het da het kowane ƙwai yana da damar ɗaya cikin huɗu, cikin 15 ina sa ran uku ko huɗu.

Na uku da ya leƙo idonsa ja, gabana ya faɗi don murna, na matso da fitila sai na ga ɓawo reras a kansa. Amel ne, wato wanda ba baƙi a jikinsa sam, wanda tun 1961 Dakta Bechtel ya fara ƙyanƙyashe irinsa a Amurka, yanzu ya zama ruwan dare. Ƙarshe dai tara gama-gari, amel uku, aneri biyu masu toka-toka da baƙi don su ja ne babu, da sino ɗaya, ɗan fari mai ruwan hoda da jan ido, shi ne ya haɗa amel da aneri wuri ɗaya, ɗaya cikin 16 ake samunsa. Kyawawa ne ban ce ba. Amma sikeles ko ɗaya. Wato het ɗin da bai faɗa ba su suka fito, wanda na biya ninki shida a kansa babu shi.

Na kira shi. Ko gezau, ya ce rashin sa'a ne Malam, kowane ƙwai da rabonsa. Kuma abin haushin maganar tana da tushe, zai iya faruwa, na buga a kalkuleta kashi ɗaya da ɗan wani abu ne cikin ɗari a ce 15 duk sun kauce. Kaɗan ne amma ba sifili ba, ni kuma ina son in yarda don in ban yarda ba shekara uku ta tafi a banza.

Nan ne na yi abin da nake jin kunyar faɗa. Ya ce ransa ya ɓaci saboda ni, zai ba ni jaririn falmeto a rabin kuɗi don in huce. Falmeto fa, farin nan mai ɗigo-ɗigon ja kamar an yayyafa masa fenti, wanda aka kama na farkonsu a daji a Karolina ta Kudu. Na sake turawa. Sau biyu kenan. Ya ce kar in damu in na ga ba ɗigo, jaririn falmeto ba ya fitowa da kamannin babba, sai yana saɓa yake yin fari ɗigon na bayyana, wannan ma gaskiya ne, kullum da gaskiya yake naɗe ƙaryarsa. Hoton da ya turo idon baƙi ne wuluk. Wanda ya iso idonsa ja. Na ɗauko sino ɗina da na ƙyanƙyashe da hannuna na ajiye su gefe da gefe a cikin roba ɗaya, wallahi da ban sa wa nawa alama a murfi ba da ban san wanne ne wanne ba. Duk da haka na jira, saɓa shida na ƙirga, ɗigo bai zo ba sai ma rawaya da ta fara fitowa a gefen wuyansa kamar yadda sino ke yi. Na sayi abin da nake da shi a gida.

A tsakanin nan ne, ko kafin falmeton ya iso ma, na rikice, macen ta sake yin ƙwai zagaye na biyu, tara suka ƙyanƙyashe. Duk da ɓawo. 15 da 9, 24 kenan. A ce 24 babu sikeles ko ɗaya daga het biyu na gaske, kusan ɗaya cikin 1,000 ne. Na tura masa lissafin da hotunan duka 24 ɗaya bayan ɗaya. Ya karanta, na ga ya karanta. Da safe hotonsa ya ɓace, ya yi bulokin ɗina, shafin ma ya canza suna amma macizan da tawul ɗin suna nan.

Wata takwas na tari, shekara uku na ɓera, ga na falmeto a kai. Wani har yana ce min ai ka samu jarirai ka sayar ka rage asara, eh na gode, amma ba wannan na saya ba. Kuma mutum biyu sun riga sun yi min magana ta inbos cewa su ma a wurinsa suka saya, ɗaya het labanda, wani launin macijin masara na daban, aka ce masa, nasa ba su kai barbara ba tukuna, ban san yadda zan gaya masa ba.

In za ka sayi het ka ce ya riƙe uban ko uwar a hannu a bidiyo kai tsaye yana kiran sunanka, ka nemi hoton 'yan'uwan ƙwai ɗaya, ka sa hoton a Google ka ga ko na wani ne. In ya ƙi ka biya kuɗin gama-gari ko ka bar shi.

Sikirinshot da rasit ɗin tiransifa biyu zan ɗora da daddare, har da boyis ɗin Malam ka yi haƙuri, ku ji da kunnenku ku gaya min ko ku da ba za ku tura ba. Yanzu bari in je, jarirai 24 ke jiran ɓera kuma biyu daga cikin aneri har yau sun ƙi ci.