Farautar zakin dutse da karnuka a Kolorado: ga yadda na ga aikin masu kai iyali daji

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da na dawo Kumasi mutane suka dame ni da tambaya, a majalisarmu ta Aboabo har da masallaci bayan sallar magariba, wai Alhaji da gaske ne an kai ku farautar zaki a Amurka har da yara? Da gaske ne. Kamfanin masu kai mutane farauta ne, na wani dattijo da iyalinsa, a yammacin jihar Kolorado wajen garin Meeker, yayana da ke zaune a Aurora shi ya yi mana bukin ya biya. In taurari za a ba su ni huɗu zan ba su cikin biyar, kuma duka huɗun nan na karnukan ne da mai karnukan.

Dabbar dai ba zakin da muka sani ba ne mai geza, irin wanda yara ke zuwa kallo a gidan zu na kusa da Kejetia. Ya fi kusa da damisa a ƙira amma babu dabbare-dabbare a jikinsa, ja-ja ne kalar ƙasa, ga jela doguwa mai kauri da baƙi a ƙarshenta, kuma baya ruri irin na zaki sam. Ana samunsa tun daga Kanada har kudancin Chile da Ajantina. Namiji babba yana kai kilo 60 zuwa 70, wani ma ya wuce, mace bata kai haka ba. Barewa ce abincinsa, kusan ɗaya a mako. Hukumar kula da namun daji ta jihar tana ƙiyasta akwai tsakanin 3,800 zuwa 4,400 a Kolorado, amma mutum zai iya zama a dutsen nan shekara da shekaru bai taɓa sa shi a ido ba saboda ɓuya da yawon dare, shi ya sa in ba da kare ba to sai dai ka ga sawu ka koma gida.

Lokacin farautar daga ƙarshen Nuwamba ne zuwa ƙarshen Maris, wato tsakiyar sanyi, kuma da dalili, dusar ƙanƙara ce ke nuna sawu. Tun kafin asuba ake fita da akori-kura, karnuka na baya cikin akwatinsu, ana tafiya a hankali a hanyoyin daji dattijon ya leƙo da kansa ta taga da tocila a hannu yana duba ƙasa. Sai ya taka birki ya sauka ya tsuguna. Ya kira yaran ya nuna musu, ya ce ku duba babu alamar farce, na kare ko kyarkeci da farce yake fita, shi wannan yana janye farcensa in yana tafiya. Ya gwada faɗin sawun da tazarar taku, ya ce in tazarar ta wuce inci 40 galibi namiji ne, in kuma an ga ƙananan sawu na bin babba to uwa ce da 'ya'ya, ba za a saki kare ba ko nawa ka biya, doka ma ta hana a taɓa uwa mai 'ya'ya ko ɗan da bai girma ba. Ɗana ya juyo ya ce Baba wannan mutumin ƙasa yake karantawa. Wallahi a wajena darasin nan kaɗai ya ci kuɗinsa.

Yanzu bari in tsaya kan karnukan don su ne komai. Ba irin namu ba ne sirara masu gudu da ake bin zomo da gyazbi da su da rani, waɗannan masu dogon kunne ne da babbar murya, akwai irin da suke ce wa Plott, akwai Bluetick, akwai Walker, da hanci suke aiki ba da ido ba. Doka bata yarda a saki fiye da takwas ba. Kowanne da abin wuya mai GPS na Garmin, dattijon na riƙe da na'ura yana ganin inda kowa yake, amma abin mamaki ba kasafai yake duba ta ba, kunne yake kasawa. Ya san muryar kowane kare. Akwai wata tsohuwar karya da yake fara saki ita kaɗai, ita ke warware sawun da ya kwana, tana tafiya tana kuka jefi-jefi mai tsawo, in ta tabbata sai kukan ya ƙaru sannan a saki samarin su bi ta. In an kai ga dabbar ta hau bishiya kukan gaba ɗaya sai ya sake, ya zama gajere-gajere ba tsayawa, kana can nesa a ƙasan kwari za ka ji dutse na amsawa. Ya ce mana shekaru yake yi kafin kare ɗaya ya zama abin dogaro, don dole ya koyi barin sawun barewa ya bi na zaki kawai. Da aka dawo da yamma kafin ya sa komai a bakinsa sai da ya duba tafin ƙafar kowane kare don ƙanƙara na yanka su, ya ba su abinci, ya shimfiɗa musu ciyawa. Kakana mafarauci ne kafin ya sauka Zango ya kama fatauci na goro, kuma abin da ake ba mu labari kenan game da shi, karensa ke fara ci. Na tsaya ina kallon bature nan raina ya sosu.

Wasu za su ce kare fa Alhaji. To farauta da kare horarre tana cikin Alƙur'ani, Suratul Ma'ida aya ta 4, kuma mu Malikawa bamu ɗauki jikin kare najasa ba. Mun yi sallarmu a gefen mota kan darduma, alwala da ruwan filas, babu wanda ya kalle mu banza, dattijon ma kashe injin yake ya jira.

Sai wahala. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma gudun nan hawa ne. Kumasi bata kai mita 300 daga teku ba, Denver tana mita 1,600, inda muka je ya fi haka, a hanya ma an ratsa ramin Eisenhower, hanyar mota da aka haƙa cikin dutse, da ya haura mita 3,300. Iskar babu nauyi, ka yi taku goma kana haki, ƙafa na nutsewa har gwiwa, karnuka kuma basu san hanya mai sauƙi ba, inda zakin ya bi nan za ka bi. Kuma doka ta ce mai lasin farautar dole yana wajen lokacin da aka saki karnuka kuma ya bi har ƙarshe, ba a zauna a ɗaki a kira ka a waya in an gama aiki. Anan ne na fara jin haushin tallarsu, sun rubuta wai na duk iyali ne, yaro da babba. Ba haka ba ne. Ɗana ɗan sakandare ya hau lafiya har yana jan kawunsa, amma 'yar yayana 'yar firamare da Hajiya a mota suka tsaya da matar dattijon da hita a kunne, suna jin kukan karnuka daga nesa suna bin ɗigo-ɗigo a na'ura. Matar ta yi ƙoƙari, ta nuna musu garken barewa, ta koya wa yarinyar bambanta sawu, amma kuɗin kai ɗaya aka caje su da masu hawa, kuma wannan kuɗin na 'yan rakiya ba a faɗe shi ba sai ana gab da tafiya. Wannan bai dace ba. Duk mai hawan jini ko ciwon gwiwa ko asma kar ya yarda a ruɗe shi da hoto.

Na farko da karnuka suka ɗora a bishiya mace ce. Dattijon ya ɗaure karnuka, ya ɗauko madubin hangen nesa ya zagaya ta baya ya duba, namiji yana da baƙin tabo can ƙasa da gindin jela tsakanin ƙafafun baya, ita babu shi a wurin. Yayana mai lasin ma ya sani don kafin a sayar maka da lasin a jihar dole ka ci jarrabawar bambanta mace da namiji. Tana kwance kan reshe tana kallonmu, ko gezau, numfashinta na fita kamar hayaƙin koko da asuba. Muka ɗau hoto, aka ja karnuka muka bar ta. Daga baya aka samu namiji babba, dattijon ya ce wa yayana ga naka in kana so. Yaya ya daɗe yana kallo sannan ya ce a'a a bar shi. Na ce Yaya ka kyauta. Dalilinmu a fili yake, dokar Kolorado ta ce wanda ya kashe dole ya gyara naman don ci ba a yar da shi, su suna ci, mu kuma dabba mai fiƙa ba abincinmu ba ce, malaman Malikiyya sun karhanta wasu mazhabobin sun haramta, to a kan me za a zubar da jini don fata da hoto? Kuma gaskiya harbin dabbar da ke zaune a reshe kusa da kai ba shi ne jarumtar ba, karnuka sun riga sun gama aikin. Dattijon bai ɓata rai ba ko kaɗan, ya ce shi yawancin waɗanda yake ɗorawa a bishiya sakinsu yake. Kuɗin dai ba a rage ko sisi ba, kun harba ko baku harba ba.

Su ma can rigima suke a kan abin. Kalifoniya ta hana farautarsa tun 1990, Oregon ta hana amfani da karnuka a 1994, jihar Washington a 1996. A Nuwamba 2024 aka kai maganar akwatin zaɓe a Kolorado, masu son a hana suka faɗi, kusan kashi 55 cikin ɗari suka ce a ci gaba. Mutanen wajen Meeker makiyayan tumaki ne da shanu, in ka ji su suna ba da labarin ɓarnar da zaki ke yi a garke za ka fahimce su, kuma suna alfahari cewa a 1901 Theodore Roosevelt ya zo garin ya yi irin wannan farauta da karnukan wani John Goff, watanni kaɗan kafin ya zama shugaban ƙasa. Abin da ya burge ni shi ne tsari. Kowane yanki da adadin da aka yarda a kashe, kullum sai an duba ko ya cika kafin a fita, in ya cika an rufe, wanda ya kashe sai ya kai rahoto cikin awa 48 ya kai wa jami'ai su duba cikin kwana biyar. Mu ma a Gana muna da lokacin rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba don dabbobi su haihu, amma ku je kasuwar naman daji ta Atwemonom a watan Satumba ku gani da idonku. Wannan yana min ciwo, don 'ya'yanmu sai an kai su gandun dajin Mole kafin su ga naman daji da rai a dajinsa.

Masauki ba laifi, ɗakin katako ne mai murhu, da ruwan zafi. Abinci kam sun gaza da farko, an gaya musu tun a waya bama cin alade, safiyar farko sai ga shi a faranti kusa da ƙwai. Sun ba da haƙuri, sun sake kasko, daga nan Hajiya ta karɓi kicin da shito da garin da muka taho da shi, har dattijon ya riƙa neman ƙari. Jerin kayan sawa da suka turo na mutanen da suka saba da sanyi ne, bai ce komai ba kan safa biyu da takalmin da ruwa baya shiga da abin rufe fuska, mu da sanyinmu bai wuce na hunturu ba, sai a gari muka tsaya muka saya da tsada.

Kuɗi dubban daloli ne, lasin daban, na 'yan rakiya daban, tukuicin jagora daban, in ka juya shi zuwa sidi sai ka yi shiru. Don haka ba zan ce wani ya tashi daga Asawase musamman don wannan ba. Amma in kana da ɗan uwa a can kuma tafiyar ta faɗo lokacin sanyi, ka kai samarin yaranka masu ƙarfin ƙafa. Ka sa a rubuta maka kuɗin kowane kai kafin ka biya kafin alƙalami, ka tambaya me aka tanadar wa wanda ba zai iya hawa ba, ka gaya musu tun farko in kallo kawai kuke so ba harbi ba, kuma ku huta kwana biyu a Denver jiki ya saba da iskar kafin ku nufi dutse.