Sauraron lacca ko mahawara: wanne ya fi dacewa da ɗalibanki na Garwa?

Malama, kin ce ɗalibanki sun ci Bak, wato jarrabawar kammala sakandare, da Faransanci, suna neman jami'a a Buea ko Yola, inda da Turanci ake koyarwa, kuma awa biyu kacal gare ki a mako na koya musu Turanci. Ki sa musu murya su saurara, ko ki raba su rukuni su yi mahawara?

Mahawara tana kwance harshe, tana cire kunya, ba ta buƙatar wuta ko data. Sai dai masu baki biyu-uku ne ke cinye lokacin, 'yan bencin baya kuma su koma Fulatanci ƙasa-ƙasa. Lafazin junansu kawai suke ji.

Ni a ganina ciwon yaran nan a kunne yake. Wanda ya yi karatu da Faransanci ya riga ya san tarin kalmomin ilimi, domin Turanci ya aro su daga Faransanci da Latin. A takarda yana gane su nan take. Malami ya furta su a lacca, sai su wuce shi, saboda Faransanci ƙarshen magana yake dannawa, Turanci kuwa gaɓa ɗaya yake ƙarfafawa a kalma, ya haɗiye sauran. Mahawara tsakaninsu ba za ta gyara wannan ba, ko sun shekara.

Amma sauraron murya ana cike gurbin kalmomi a takarda shi kaɗai ba ya sa yaro buɗe baki. Ki sa guntuwar lacca ta minti uku ko huɗu, sau ɗaya tak, su rubuta abin da suka kama. Ki kashe sifika, kowa ya juya ga na kusa da shi ya maimaita laccar da baki, yana duba rubutunsa. Haka ma IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci, take gwadawa: a gwajin sauraro ba a maimaita murya, kashinsa na huɗu lacca ce, a gwajin magana kuma ana ba ɗalibi minti ɗaya ya shirya, ya yi bayani har minti biyu.

Shirin Muryar Amurka na Turancin sannu-sannu, wanda ya faro a 1959, ya isa a fara da shi, amma kada ki bar su su saba, ba malamin jami'ar da ke magana haka. Masu nufin Yola ki nemo musu muryar malaman Najeriya. Ki sauke komai a waya tun daga gida, kada network ya cinye miki rabin darasi.